Nomau da Tankin Jirgin Malam Haladu

A garinmu Kwarin Gawo kowa ya san gidan Nomau, don kusan kowa ya taɓa aikensa sau ɗaya, kuma bai ƙara ba. Magidanci ne mai shekara arba'in da 'yan kai, ƙaƙƙarfa, mai tsafta, ba ya ƙarya, ba ya gajiya. Aibinsa ɗaya ne, in ma aibi ne: abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari, ko da kai mai faɗar ba can ka nufa ba. An gwada shi a kiwo, an gwada shi a dako, an gwada shi a tsaron gona, ko'ina bai yi mako ba aka ce ya huta. Matarsa Kuluwa ce kaɗai ta iya da shi. Shekara ashirin suna tare, har ta saba ba ta sakin magana sai ta ɗaure mata kai da gindi. Ni da kunnena na ji ta ta bayan katanga tana cewa, “Maigida, ka je rijiya, ka cika bokitin nan, ka dawo da shi gida, da ruwan a ciki, yau.” Ya je ya dawo, ba a ji kansu ba. 'Ya'yansu mata biyu duk an aurar da su, gidan ya rage daga su sai akuya ɗaya.

Ni tela ne, shagona yana kallon na Malam Haladu mai gyaran injin ban-ruwa. Malam Haladu ya yi shekara huɗu yana ƙera jirgin sama, irin wanda ake tuƙawa daga ƙasa da rimot. Jikinsa na itacen rimi ne, fikafikansa sun fi tsawon hannuwan mutum a buɗe, kuma ni na ɗinka yadin da aka lulluɓe su da shi, ba na ɓoyewa. Injin kuwa daga tsohon injin feshin magani ya ciro shi. Ba don wasa ya yi ba. Mu mutanen shinkafa ne, kuma duk shekara in ta fara nuna sai tsuntsayen nan jan-baki su sauko fadama kamar hadari, mu yi ta kaɗa gwangwani muna ihu har murya ta dushe, su kuwa su ci su ƙoshi. Malam Haladu ya ce jirginsa zai kore su. Gari ya yi masa dariya shekara huɗu cur.

Abin da ya sa zuba wa jirgin nan mai ya zama aiki shi ne, Malam Haladu ya rufe injin da wani murfi da ya ƙera daga tsohuwar tukunyar alminiyan, ya ɗaure shi da sukurori goma sha biyu. Ba a ganin injin, ba a ganin tanki. Sai wani siririn tiyo da ya leƙo ta gefen hanci, ta nan ake ɗura mai da babban sirinji irin na allurar shanu, a toshe da ƙusa. Aiki ne mai son hannu huɗu, kuma duk garin ba wanda ya yarda a gan shi yana bin jirgin katako sai Nomau. Malam Haladu ya ɗauke shi. Tun da na san Nomau ban taɓa ganin ya so wani abu kamar yadda ya so aikin nan ba. Burinsa ɗaya, a bar shi a wurin jirgin har ranar da za a miƙa masa sirinjin ya zuba da hannunsa.

Wata rana Malam Haladu ya zuba fetur a galan, ya auna baƙin mai ya ƙara a kai, don injin nan ba ya shan fetur zalla. Sai ga wani manomi a guje, injinsa ya tsaya a fadama. Malam ya miƙa wa Nomau galan ɗin ya ce, “Yi ta girgizawa har in dawo, su gauraya.” Ya hau babur ya tafi. Hantsi ne lokacin. Gyara ya ci rana, daga wannan inji aka ja shi zuwa wancan. Ni ina kan keke ina ɗinki ina jin cakal-cakal daga can shagon, har na fara taka keken daidai da sautin ban sani ba. Azahar ta yi, Kuluwa ta kawo abinci, ta dube shi ta dubi galan, ta zauna ta riƙa ba shi a baki. Na leƙa na ce, “Nomau, ai ya gaurayu tun ɗazu.”

“Bai dawo ba, Tela.”

“To ajiye ka yi salla mana.”

Nan ya shiga damuwa ta gaske, don ba ya wasa da salla. Yana girgizawa yana tunani, can ya roƙe ni in riƙe masa. Ni da na zo ba da shawara, sai ga ni tsaye a shagon wani ina girgiza galan, mai wucewa yana yi mini sannu da aiki. Da Malam ya dawo bayan la'asar, galan ya kumbura ya yi tim, da aka kwance murfin sai da ya yi tsaki. Malam ya ɗaga man ya duba a hasken rana, ya ce tun da yake bai taɓa ganin haɗin da ya kama jikinsa haka ba.

Wata rana za a kai man filin makaranta don gwaji, kuma hanya ta tsakiyar kasuwa ta bi. Malam ya ce, “Nomau, man nan ba ya shiri da wuta. Duk inda galan ɗin nan zai bi, kada a sami wuta a wurin.” Ni da kai da mun zaga ta bayan gari. Nomau ya ajiye galan a bakin kasuwa ƙarƙashin darbejiya, ya ari bokiti, ya cika shi, ya shiga layi. Ya fara da murhun mai shayi. Ya wuce kan mai suyar awara, ya yi mata sallama da ladabi, ya sheƙa wa itacenta ruwa. Wani direba yana jingine da motarsa yana shan taba, Nomau ya ce masa gafara, ya zare ta daga bakinsa ya tsoma a bokiti. Da ya isa tukubar Jatau mai tsire kasuwa ta riga ta ɗauka, Jatau ya tare gaba da wuƙarsa a hannu yana rantsuwa.

“Me wutata ta yi maka?”

“Ba ta yi mini komai ba. Man jirgi ne zai wuce.”

“To ya wuce mana!”

“Ba ya shiri da ita.”

Ya kauce wa Jatau kamar yadda ake kauce wa turmi, ya juye ragowar ruwan, toka ta tashi ta rufe tsiren safe gaba ɗaya. Sannan ya koma ya ɗauko galan ya ratsa kasuwar a natse, yana duba dama da hagu ko ya manta da wata. Malam Haladu ya wuni ranar yana durƙuso gaban tukuba yana fifita garwashi yana ba da haƙuri. Amma zan faɗi gaskiya, tun daga ranar in aka hango Nomau da galan, masu taba da kansu suke takewa.

Wata rana aka ba Nomau aikin tace mai. Malam ya ɗaura farin ƙyalle a bakin mazurari ya ce, “Ƙwayar ƙasa ɗaya ta isa ta kashe injin nan a sama. In ka tace ka ga wani abu a ƙyallen, ka sake tacewa.” Nomau ya tace, ya ga ɗigon baƙi ɗaya. Ya sake tacewa, ɗigon yana nan, don ba wanda ya ce a kakkaɓe ƙyallen. Daga kwano zuwa galan, daga galan zuwa kwano, a cikin rana, fetur yana bin iska. Kafin Malam ya waiwayo rabin man ya tafi, Nomau kuwa idonsa ya yi ja don wari, yana kallon ɗigon nan da takaici.

Wata rana aka kai jirgin fili za a ɗaga shi karon farko, har Sarkin Noma Barau ya zo kallo, hannu a baya, fuska ba yabo ba fallasa. Sirinji ɗaya kawai Malam ya zuba, don so yake jirgin ya ɗan ɗaga ya sauka. An sha wuya kafin injin ya kama. Kafin nan Malam ya ce wa Nomau, “Riƙe wutsiyar nan. Kada ka saki sai na ce saki.” Ya koma gefe da rimot, ya ba shi wuta. Ƙara ta cika fili, iskar farfela tana watsa wa Nomau hayaƙi da yashi a fuska, rigarsa tana filfila. Malam ya gyaɗa masa kai. Bai saki ba. Ya ɗaga masa hannu, ya buga ƙafa, ya yi ihu, ƙara ta haɗiye ihun. Sarkin Noma da ke kusa da shi ya daka masa tsawa ya ce ya saki, Nomau ya dube shi ya girgiza kai, don ba shi ne Malam ba. Malam ya zagayo ta bayan fiffike a hankali saboda farfela, kafin ya kai bakinsa kunnen Nomau injin ya yi tari sau biyu ya mutu. Wuri ya yi tsit. A cikin shirun nan Malam, da bakinsa ya riga ya buɗe, ya ce, “Saki.”

Nomau ya saki. Ya dubi jirgin, ya dubi sama, ya ce, “Malam, bai tafi ba.”

Har Sarkin Noma sai da ya juya baya yana dariya. Ni ma na yi, amma da na ga hannuwan Nomau sun sage ya kasa miƙe yatsunsa sai dariyar ta koma mini ciki. Ban san mutum na biyu a garinmu da zai tsaya a bayan farfelar nan yashi na dukan idonsa don kawai an ce ya tsaya ba.

Wata rana jirgin ya tashi. Da safe ne, mu uku kawai a fili, ya zaga makaranta sau biyu ya sauka lafiya, Malam Haladu ya zauna a ƙasa yana ta hamdala. Ya aika wa Sarkin Noma ya tara manoma da la'asar su zo su gani da idonsu. Da yake ba a barin mai ya daɗe a tanki, sai ya ce wa Nomau, “Zuƙe ragowar da sirinji, ka mayar da shi inda ya fito.” Ya tafi gida ya huta. La'asar ta yi, manoma sun cika fili, ga jirgi, ba galan, ba sirinji, ba Nomau. Sai can wani mai babur ya zo da labari daga bakin kwalta, tafiyar awa biyu a ƙafa. Nomau yana gidan mai. Ya ce da mai sayarwa ya buɗe masa famfo ya mayar da fetur ɗinsu, an ce ba a yi. Wannan ma bai dame shi ba kamar abu na biyu: ya tuna baƙin man ba daga nan ya fito ba, daga shagon kayan babur aka sayo shi. Yana zaune a gindin famfo ya zuba haɗin a murfi yana jira su rabu, ya kai kowanne gidansu.

Ranar ba a yi dariya sosai ba, don shinkafa ta riga ta fara nuna, an kuma fara ganin jan-baki jefi-jefi a kan ƙaya. Sarkin Noma ya ja Malam Haladu gefe, amma da murya ya yi maganar.

“Malam, jirginka na ji an ce ya tashi, ban musa ba. Ranar Asabar za mu ba ka fadama. Amma mutumin nan ka sallame shi. Abincin shekara ba a haɗa shi da wauta.”

“Ranka ya daɗe, ba shi da mugunta.”

“Ban ce yana da ita ba.”

Washegari Kuluwa ta yafa mayafi ta zo shagon, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaida Malam, sannan ta ce, “Malam, na ji abin da ake cewa. Ni ba roƙo na zo ba, gyara na zo. Mutumin nan bai taɓa saɓa maka ba ko sau ɗaya. Kai ne kake ba shi rabin magana ka riƙe rabi a cikinka, kana jira ya shiga ya ɗauko. Ka faɗa masa inda zai fara, ka faɗa masa inda zai tsaya, ka ga aiki.” Muryarta ta sauka. “Tun da ya fara zuwa nan yake wanke rigarsa da kansa. In ka kore shi ban san inda zan sa shi ba.”

Malam ya daɗe yana juya sukudireba a hannu. Ya ce, “Zai zo ranar Asabar. Amma Kuluwa, in ya ƙara yi mini ɗaya a gaban mutane, shi ke nan.” Ya rataye jirgin a rumfar bayan shago, ba a ƙara taɓa shi ba sai ranar.

Wata rana, wato Asabar ɗin, gari ya fita fadama tun da sassafe. Shinkafa ta sunkuyar da kai, ruwa kwance a ƙarƙashinta har gwiwa, daga hanyar da jirgin zai yi gudu sai gonaki iya ganinka. In ya faɗa ciki, ko an tsamo shi sai dai a hura wuta da shi. Can gabas jan-baki sun fara tasowa daga ƙaya, baƙi ƙirin. Malam Haladu ya durƙusa ya cire ƙusa daga tiyo, ya cika sirinji. Sau uku yana kai bakin sirinjin yana kuskure ramin. Shekara huɗu ce ta taru masa a yatsu. Ya ɗaga kai ya ga Nomau tsaye da galan, sanye da wankakkiyar riga. Malam ya miƙa masa sirinjin.

“Saurara da kyau. Ka sa bakinsa a tiyon nan, ka tura. In ya ƙare ka sake cikawa ka tura. Ka ga wannan ɗan bututun a ƙarƙashin cikin jirgi? Ta nan tanki yake shan iska. In ya cika, ta nan mai zai ɗigo. Kada ka tsaya sai ka ga ya ɗiga ta nan. Ya ɗiga, ka tsaya, ka mayar da ƙusa. Ka ji farko, ka ji ƙarshe?”

“Na ji, Malam.”

Malam ya tashi ya bi hanyar yana tsince duwatsu yana matsar da mutane baya. Na tsaya kusa da Nomau. Ya karɓi sirinjin nan da hannu biyu, ya yi bisimilla. Na farko ya shiga sumul. Na biyu ya shiga da ɗan nauyi. A na uku sirinji ya cije, in ya tura ya sassauta sai ya turo hannunsa baya. Ya leƙa ƙarƙashi, bututu a bushe.

Na ce, “Nomau, ya cika. Ba ka ji ya yi tauri ba?”

“Bai ɗiga ba.”

Sarkin Noma ya matso ya ce, “Kai, tsuntsaye na sauka. Toshe a tashi.”

“Ranka ya daɗe, bai ɗiga ba.”

Ya dafa sirinjin da ƙirjinsa ya sakar masa nauyinsa duka. Wani abu ya yi ƙuu a cikin murfin, sirinji ya wuce. Ya sake cikawa ya tura. Sai ga mai yana tsiyaya ta ƙasan murfin hanci, yana fita ta salansa, wari ya tashi. Na kama hannunsa na ce ga shi nan yana zuba, ya isa. Ya leƙa ya ce ba ta nan aka ce ba. Na ƙwala wa Malam kira. Ya zo a guje, ya fizge sirinjin, ya kama farfela zai juya, ta ƙi motsi kamar an kafe ta. Man ya bi ta kafireto ya cika cikin injin maƙil.

Ban taɓa ganin Malam Haladu ya yi fushi irin na ranar ba. Jama'a sun fara guna-guni, wani daga baya ya ce dama an faɗa, wasu har sun juya sun nufi gwangwanayensu. Malam ya miƙe ya ce, “Nomau, ka kashe ni. Tashi ka ba ni wuri. Kada in ƙara ganin fuskarka.”

Nomau ya ajiye galan a hankali, ya goge hannunsa, ya tafi.

Ba yadda za a yi sai a buɗe murfin. Malam ya durƙusa yana kwance sukurori ɗaya bayan ɗaya, ina tara masa su a hulata, tsuntsaye kuwa sun sauka a gonakin gabas muna jin hayaniyarsu. Da murfin ya fita ya cire fulogi ya kifa jirgin, mai ya zubo daga injin. Sai na ga ya tsaya cak yana kallon tankin. Farar roba ce, ana ganin abin da ke ciki, kuma man bai kai ko rabi ba.

Ya ce, “Tela, ba ni allura.”

Na zaro daga wuyan rigata na ba shi. Ya zura ta a ɗan bututun nan na ƙasa, ta cije. Ya murza, ya ƙwaƙulo. Jar laka ta fito, busasshiya, a bayanta wata 'yar tsutsa koriya a sanƙare. Zanzaro ne. Kwana ukun da jirgin ya yi a rataye a rumfa, ya sami rami daidai jikinsa, ya ajiye abincin 'ya'yansa ya liƙe ƙofa.

Sarkin Noma ya sunkuyo ya ce, “Wannan 'yar lakar ce ta tsayar da mu?”

Malam ya ce, “Ranka ya daɗe, ita ce da ta kashe jirgin. Tanki in ba ya shan iska, mai ba ya shiga sosai, wanda ya shiga kuma ba ya fita. Da ni na zuba, da na ji sirinji ya yi tauri zan ce ya cika, in toshe. Zai tashi lafiya lau. Minti ɗaya, biyu, yana tsakiyar ruwan can, injin ya ɗauke.” Ya dubi lakar a tafin hannunsa. “Duk wanda ke wurin nan da ya tsaya. Ni ma da na tsaya.”

Ni ne fa na fara cewa ya cika. Kunya ta kama ni har wuya.

Malam ya hura bututun iska ta wuce, ya busar da fulogi, ya mayar da murfi. Da ya ɗaure sukuru na ƙarshe ya ɗauki sirinji, ya dube shi, ya ce in kira masa Nomau. Ban sha wuyar nemansa ba. Yana bayan wani gawo kusa, zaune, ya ba fili baya. Na ce Malam na kira. Ya miƙe, ya ja hularsa ya rufe fuskarsa har haɓa, ya miƙo mini hannu in ja shi. Haka muka ratsa jama'a, ba wanda ya yi dariya.

Muka isa gaban Malam. Ya sa masa sirinjin a hannu kawai, ya kai yatsunsa kan tiyo. Nomau ya durƙusa, fuska a rufe, ya tura da hannun dama, ya shimfiɗa tafin hagu a ƙarƙashin cikin jirgin. Na ɗaya, na biyu, na uku, duk suka shige ba gardama. A tsakiyar na huɗu ya tsaya.

Daga cikin hula ya ce, “Ya ɗiga, Malam.” Ya lalubo ƙusa ya toshe.

Bugu uku injin ya kama. Jirgin ya yi gudu a kan hanya, ya ɗaga, ya karkata ya nufi gabas ƙasa-ƙasa a kan shinkafa yana kururuwa. Jan-bakin nan suka tashi gaba ɗaya, sama ta yi duhu, suka tsage biyu, jirgin ya bi ta tsakiyarsu ya juyo ya sake bin su. Fadama ta ɗauki kabbara. Tsofaffin da suka yi shekara huɗu suna dariya na ga suna tsalle da carbi a hannu. Kowa kansa a sama, sai mutum ɗaya da ke tsaye kusa da Malam, hula a fuska, yana juya kunne duk inda ƙarar ta bi.

Mai tuƙi ba ya ɗauke ido daga jirgi, don haka Malam bai waiwaya ba, amma ya san yana nan. Ya ce, “Nomau, cire hular nan ka kalla.”

“Za ka ga fuskata, Malam.”

“Na janye waccan maganar. Na janye ta duka, daga farko har ƙarshe. Ina so in gan ta yau, da gobe, da kullum.”

Nomau ya cire hular. Fuskarsa jiƙe take sharkaf, ban sani ba ko gumi ne. Ya ɗaga kai ya nemo jirgin, ya same shi can a kan ruwa yana korar tsuntsaye zuwa daji. Ya daɗe yana kallo baki buɗe.

“Malam, man da yake sha yanzu, ni na zuba?”

“Kai ka zuba.”

“Duka?”

Idon Malam Haladu na sama. Ya ce, “Duka.”